Ƙafar Gimbiya

Shafi na 19

Masu turo min saƙo wai na cika kare Yaya Likita, wai har na fi son shi a kan Auta, to ku gyara zama. Ni ban ce komai ba. Ku karanta ku yanke hukunci da kanku.

*

Fayil ɗin kyanwa na shiga nema. Wallahi shi kaɗai ya kai ni ofishin Yaya da safen nan.

Ƙarfe sha ɗaya baƙi za su iso, malaman jami'a da 'yan jarida, su ga dabbobin da muka yi wa ƙafar roba a asibitinmu. Yaya ne likitan dabbobin, shi ke yanka da ɗinki. Ni ƙanwarsa, ni ke ƙera ƙafafun a ɗan ɗakin da ke baya. Ya ce in jera masa takardun kowace dabba a kan tebur: karnuka biyu, kyanwa ɗaya, tunkiya ɗaya, sai Gimbiya, karsanar Gwaggonmu, wadda saboda ita ma ake taron.

Durowar ƙasa ta ƙi jawuwa. Na sa ƙarfi, sai ta fito gaba ɗayanta ta faɗo min a ƙafa. Ina cikin tsaki na hango wani ambulan ruwan ƙasa maƙale can a bayanta.

Hoton ƙashi ne a ciki. A kusurwarsa rubutun Yaya ne, ko a mafarki na san shi: karsana, ƙafar gaba ta hagu. Da kwanan watan ranar da Gimbiya ta zurma cikin kwalbati, wata uku da suka wuce.

Na ɗaga shi saitin taga.

Shekara huɗu na yi a sashen ƙera ƙafa na asibitin mutane kafin Yaya ya ce in dawo mu haɗa hannu. Na san hoton ƙashi. Wannan ƙashin bai farfashe ba. Ko gocewa bai yi ba. Tsagewa ce siririya, kamar an ja zare a jikinsa. Filasta na sati shida, shi ke nan.

Na buɗe fayil ɗin Gimbiya na zaro ɗayan hoton, wanda Yaya ya nuna mana ni da Gwaggo a ranar. Ƙashi ya dagargaje kamar an taka kwalba. Sai yau idona ya kai kusurwarsa. An datse ta da almakashi.

"Auta, kin gama kuwa? Masu rumfa sun ce kujerun ba za su..."

Yaya ne. Yana tsaye bakin ƙofa, farar rigarsa ta sha guga, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ya kalli hannuna na dama, ya kalli na hagu.

Sai ya mai da ƙofa ya rufe a hankali.

"Wa ya ce ki taɓa min wannan durowar?"

"Wanne ne na Gimbiya, Yaya?"

"Tambayarki na yi."

"Ni ma tambayarka na yi. Wanne ne nata?"

Ya miƙo hannu. "Ba ni."

Na ja da baya har bayana ya bugi kabad.

"Ke ba likita ba ce," ya ce. "Hoto gefe ɗaya yake nunawa. Akwai jijiya, akwai gudun jini, akwai ruɓa da ke iya shiga. Ba za ki gane ba."

"To me ya sa ka ɓoye shi?"

Na ɗaga ɗayan hoton.

"Wannan ɗin fa? Mai datsattsen gefen nan. Na waye?"

Ya ja numfashi, ya zagaya ya zauna a kujerarsa kamar wanda zai duba maras lafiya.

"Wani sa ne da mota ta buge bara."

Haka ya faɗa. Ko muryarsa ba ta canza ba.

Na dafa tebur.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya, lafiyayyar ƙafa ka yanke?"

"Ki rage murya."

"Lafiyayyar ƙafa!"

"Na ce ki rage murya, akwai mutane a waje. Kuma ba lafiyayya ba ce, ta tsage."

"Da ta warke."

"Wataƙila."

"Babu wataƙila, ka fi ni sani. Gwaggo ce fa, Yaya. Matar da ta goya ni ranar da Inna ta rasu, ta riƙe hannunka ta kai ka makaranta. Ba ta da ɗa, ba ta da jika, cikin shanunta wannan kaɗai ta rage mata. Da ita take hira. Da hannu take dama mata dusa don ba ta cin wadda aka zuba mata kawai. Duk garin nan ka rasa dabbar da za ka yi wa haka sai tata?"

"Da ta wani ce, da ya yarda?"



"Gaskiya nake faɗa miki," ya ce. "Kawo wa makiyayi maganar yanke ƙafa ki gani. Kafin ki rufe baki ya kira mahauci. Gwaggo ce kaɗai za ta zaɓi ta riƙe gurguwar saniya a kan ta ga an yanka ta. Kuma Gwaggo ce kaɗai za ta yarda da ni ba tare da ta kai hoton wani wuri ba."

"Wato don ta yarda da kai."

"Ki kira shi yadda kika ga dama."

"Allah ya isa, Yaya."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Allah ya isa? Ke ce za ki ce min Allah ya isa? Zauna in tuna miki. Ranar da kika gama ƙafar tunkiyar nan, muna shan shayi a nan, a kan wannan teburin, me kika ce?"



"Kin manta? Ni ban manta ba. Kika ce, Yaya, na gaji da ƙafar kare da ta kyanwa. Kika ce kin zana wani sabon kofin da dungu zai zauna a ciki, wanda zai ɗauki nauyin babbar dabba. Kika ce da za ki samu saniya ko jaki ki gwada, da duniya ta san da zamanki."

"Ban ce ka yanke ba!"

"Ba ki ce ba. Sati biyu bayan nan aka shigo da Gimbiya a bayan mota tana ɗingishi. Na kalle ta, na kalli zanenki da ke manne a bangon ɗakinki tun watanni yana cin ƙura."

"Kar ka ɗora min. Kar ka kuskura ka ɗora min."

"Ban ɗora miki ba, rabawa muke. Ni na samu cibiyar da za a buɗe da sunana, ke kin samu saniyarki. Ranar da ta fara takawa da ƙafar nan, wa ya yi tsalle yana kuka? Wa ya ɗauki bidiyo ya tura wa tsofaffin abokan aikinsa, waɗanda suka ce ya bar aikin mutane ya koma yi wa karnuka takalmi? Ni ne?"

Ni ce.

"Zan faɗa wa Gwaggo," na ce. "Yanzun nan. Kuma zan kai hoton nan hukumar likitocin dabbobi."

"Madalla. Ki haɗa da wannan."

Ya jawo fayil ɗin, ya zaro takardar amincewa da aikin, ya juyo min da ita. Dangwalen yatsan Gwaggo a ƙasa. Kusa da shi, wurin mai shaida, sa hannuna.

"Karanta layin da ke sama da sunanki. Na ga hoton, na tabbatar. Ke da kika yi shekara huɗu a asibitin mutane, ki je ki ce musu ba ki lura an datse kusurwa ba. Ki ce ba ki lura ƙashin tsohon sa ya fi na karsana kauri ba."

"Kai na yarda da shi, shi ya sa ban duba ba."

"Ko kuma ba ki so ki duba ba."

Maganar ta shige ni kamar allura.

"Kuma ki tuna," ya ci gaba, "ranar Gwaggo ba ta yarda da farko ba. Cewa ta yi a kira mata mai ɗori. Ni fita na yi na bar ku. Wa ya shawo kanta?"

Na rufe ido. Ina jin muryata ta ranar, har da 'yar dariyar da na yi. Haba Gwaggo, mai ɗori kuma a wannan zamanin? Ɗanki likita ya ce ba ta ɗoruwa. Ni na kama yatsanta na sa a tawada. Ni na danna shi a kan takardar.

"Ga kuma hawan jininta," ya ce yana gyara wuyan rigarsa. "Ki je ki faɗa mata. In ta yanke jiki ta faɗi, kin san wanda ya kayar da ita."

Ya miƙe ya zare hoton daga hannuna. Ban ma hana shi ba.

"Saura minti arba'in. Je ki ɗaura mata ƙafar."

"Ba za ta ɗauru ba yau. Na faɗa maka tun jiya, dungun ya yi miki. Gefen kofin ya ci mata fata, har ya fara ruwa. Sati biyu take buƙata ba a sa mata komai ba."

"Na sa Baba Mai-allura ya yi mata ta kashe zafi. Taku ashirin kawai za ta yi, daga turke zuwa gaban rumfa."

"In mikin ya buɗe ya kai ƙashi fa?"

"Sai a ƙara yankewa sama kaɗan, ki ƙera mata wata. Ai kin iya."

Ya buɗe ƙofa ya fita. Ina jin shi a baranda yana gaisawa da masu jera kujeru, har da wasa da dariya.

*

Na ɗauko ƙafar daga ɗakin aikina. Kwana goma sha tara na yi a kanta. Kofin roba mai soso a ciki, sandar ƙarfe maras nauyi, maɗaurai uku, tafin kuma daga tsohuwar taya na yanko shi na gurza har ya yi siffar kofato. Kullum in na ɗauke ta sai na ji kaina ya yi girma. Yau ji na yi kamar na ɗauko gawa.

Tun daga baranda har turke ina shirya maganar a bakina. Gwaggo, ki yafe min. Gwaggo, mun cuce ki. Gwaggo, ki zauna tukuna.

Tana can zaune a kan ɗan benci, ta ci ado da atamfar da ba ta sawa sai za ta biki, tana dama dusa da hannu a cikin roba. Gimbiya na kwance gefenta, ta ɗora haɓa a cinyarta. Baba Mai-allura, tsohon ma'aikacin da ya girmi asibitin kansa, yana tsaye yana mai da sirinji cikin kwali. Da ya gan ni sai ya sunkuyar da kai ya koma jikin katanga.

"Auta, sai yanzu?" Gwaggo ta ce. "Tun ɗazu Gimbiyar taku ke tambayar ina mai takalmin."

"Ina kwana, Gwaggo."

"Lafiya lau. Me ya samu idonki?"

"Garin filasta ne ya shiga."

"Allah sarki."

Na durƙusa na fara warware bandejin. Tun kafin in gama warin ya bugo ni. Mikin ya fi na jiya faɗi, jajir, gefensa ya yi fari. Gimbiya ba ta ko motsa ba, allurar ta kama ta.

Gwaggo ta leƙo.

"Wannan a kansa za a ɗaura?"

"Na ɗan lokaci ne, Gwaggo."

"Ba zai yi mata lahani ba?"

Bakina ya buɗe. Wallahi ya buɗe. Sai na hango takardar nan a idona, da sa hannuna, da fuskokin tsofaffin abokan aikina in labari ya kai musu.

"Zan ƙara mata soso," na ce.

"To."

Na shafa magani, na sa auduga, na ja mata safa. Na tura dungun cikin kofin.

"Auta."

"Na'am."

"Na ga kun daɗe a ofis ke da yayanki, har da rufe ƙofa. Babu abin da za ki faɗa min?"

Na ja maɗauri na farko.

"Maganar baƙi ce kawai."

"Maganar baƙi."

Na ja na biyu.

"Tun kina 'yar wata bakwai kike hannuna," ta ce. "In kin ɓoye abu, kunnenki na dama kike sosawa da kafaɗa. Sau uku kin yi tun da kika durƙusa. Na sake tambayarki, babu abin da za ki faɗa min?"

Hawaye ya ɗigo min a bayan hannu. Na goge shi a jikin siket.

"Babu, Gwaggo."

Na ja na uku, na sa shi a ramin ƙarshe.

Gimbiya ta yunƙura, ta dafa da gwiwa, ta miƙe. Ta taka ƙafar robar sau ɗaya, ta ɗaga, ta sake takawa. Ta tsaya cak kamar ba abin da ke cinta a ciki.

Gwaggo ta wanke hannunta a bokiti, ta yarfe, ta goge da gefen zani. Ba ta yi sauri ba. Ta jawo jakarta daga ƙarƙashin benci ta fito da wani ƙulli a cikin tsohon ɗankwali. Ta ɗora shi a cinya ta kwance.

Ƙashi ne. Dogo, fari tas, an wanke shi an shanya. A jikinsa ga tsagar nan, siririya kamar zare.



"Ranar da aka yanke," ta ce, "na roƙi wannan bawan Allah ya ba ni ƙafar in je in binne, kar a jefa wa karnuka. Ya naɗe min a buhu."

Baba Mai-allura ya juya fuskarsa ga katanga.

"A hanya na tsaya wurin mahaucin layinmu ya ara min magirbi. Ya ce Gwaggo, kawo in ga irin karayar da ta gagari likita. Ya feɗe ta a gabana. Ya juya ta, ya sake juyawa. Ya ce, wa ya ce miki ƙashin nan ya farfashe?"

"Gwaggo..."

"Ban yarda da shi ba. Na ce mahauci me ya sani, ɗana ya yi karatu. Washegari na kai wa mai ɗori. Wanda kika ce zamaninsa ya wuce. Ya shafa da yatsa, ya ce da kara huɗu da tsumma zai tashe ta. Ya ce ko ba a taɓa ta ba, in aka ɗaure ta wuri ɗaya, da kanta za ta haɗe."

Na zube a ƙasa na kama ƙafarta.

"Wallahi ban sani ba sai yau. Wallahi, Gwaggo, yau da safen nan na gani."

"Na sani."

Na ɗago.

"Na san ba ki sani ba. Wata uku ina kallonki kina aune-aune, kina gurza taya har hannunki ya yi kanta, ina cewa wannan yarinyar da zuciya ɗaya take yi. Shi ya sa na yi shiru. Yayanki na riga na cire shi daga raina tun a gaban mahauci. Ke nake jira. Kullum ina cewa ranar da Auta ta gane, da gudu za ta zo ta faɗa min, ko da sama za ta faɗo."

Ta zare ƙafarta daga hannuna a hankali.

"Yau kin gane. Na gani a idonki tun daga baranda. Sau biyu na tambaye ki."

"Tsoro na ji. Ya ce sa hannuna..."

"Kika ɗaura mata a kan miki, Auta. Ina kallo. Har kika ja na ukun ya kai ramin ƙarshe."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta mare ni.

"Me ya sa ba ki hana ni ba?" na ce cikin kuka.

"Ita ma na cuce ta yau, na sani. Zan nemi yafiyarta. Amma sai da na ga iyakarki."

Ƙahon mota ya tashi a bakin get. Sai na biyu. Muka ji ana jan ƙarfen ƙofa, ana ta marhabin, ana jan kujeru. Lasifika ta yi ƙara ta yi shiru, sai muryar Yaya ta cika harabar, mai taushi, irin wadda yake yi wa manyan baƙi.

Gwaggo ta mai da ƙashin cikin ɗankwalin ta ƙulle. Ta miƙe ta gyara mayafi.

"Gwaggo, me za ki yi?"

"Ai ya ce in zo in yi wa baƙi bayani. Tun shekaranjiya yake koya min abin da zan ce."

"Don Allah ki bari mu yi a gida. Za a karɓe masa lasisi. Ni ma za a..."

"Ke ma za a me?"



Ta kwance igiyar Gimbiya daga turke ta miƙo min.

"Riƙe. Ke kika ɗaura, ke za ki ja ta."

Ta wuce gaba. Ban san lokacin da na bi ta ba. Taku ɗaya, biyu, biyar. Tafin tayar na bugun siminti a bayana. Muna shan kwanar baranda aka fara tafi, masu kyamara suka taso suna ture juna. Na waiga. Wani ɗan ja ya fara tsattsafowa ta bakin safar.

Yaya na tsaye gaban rumfa, fuskarsa fal murmushi.

"Ga ta nan, jama'a, da ƙafarta take tafiya. Kafin in ce komai, zan so ku ji daga bakin mai ita. Wannan ba mai dabba ba ce kawai a wurina, uwa ce. Ita ta raine ni. Bismillah, Gwaggo."

Ya rusuna ya miƙa mata abin magana da hannu biyu.

Ta karɓa da hagu. Ta ajiye ƙullin a kan teburin manyan baƙi, tsakanin robobin ruwa, ta sa hannun dama ta fara kwancewa.

"Wanne ne babban likita a cikinku?" ta ce. "Ya matso. Akwai abin da nake so ya duba min."